Ɗan Lele a Kan Hanya: Darasi Daga Ambaliyar Lokoja

Da wuya a sami gida a cikinmu wanda ba shi da ɗan lele, ko auta, ko jikan da kaka ta goya, ko 'yar ƙanwa da aka riƙa tun tana ƙarama. Ba a aikensa kasuwa mai nisa, ba a barinsa ya shiga mota shi kaɗai, kuɗin makaranta ma wani ne yake zuwa ya biya masa. Ƙauna ce ta sa muke yin haka. Amma a darasinmu na wannan wata muna so mu tambayi kanmu: me zai sami wannan yaro ran da tafiya ta kama shi, hanya kuma ta yanke?

Ranar kuwa tana zuwa. Tun shekarar 1973, sa'ad da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, ana tura matasan da suka gama manyan makarantu zuwa jihohin da ba nasu ba, su fara da mako 3 a sansani, sa'an nan su cika shekara guda. Ga 'ya'yanmu da yawa wannan ita ce doguwar tafiyarsu ta fari. Wanda ya tashi daga Zariya ko Kaduna za shi Edo ko Delta, galibi sai ya bi ta Abuja ya ratsa Lokoja.

Abin da ya faru a hanyar

A Lokoja ne kogin Binuwai yake haɗuwa da kogin Kwara. A shekarar da damina ta yi ƙarfi, aka kuma saki ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, wadda take kan Binuwai, sai ruwan ya taru a mahaɗar ya malala kan ƙasa. Haka ya shafe hanyar Abuja zuwa Lokoja a watan Satumba na 2012, ya sāke shafe ta a wajen Koton Karfe a watan Oktoba na 2022. Motoci suka yi dogon layi, matafiya suka yi kwanaki a bakin hanya, tankokin mai suka kasa wucewa har aka shiga ƙarancin fetur a Abuja. A wannan shekara ta 2022 gwamnati ta ce ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar. A Ogbaru ta Jihar Anambra kuwa, jirgin ruwan da ya cika da masu gudun ambaliya ya kife, mutane da dama suka rasu.

Yadda mutum yake koyon tsayawa da ƙafarsa

A ce 'yarmu tana cikin wannan layin motoci. Guzurinta ya kusa ƙarewa, abinci ya yi tsada, cajin waya yana raguwa, ga masu kwale-kwale suna kiran fasinja, ga dare yana yi. Sai ta buga waya tana kuka: "Kawu, hanya ta yanke, ku zo ku ɗauke ni." Kawu kuwa ba shi da yadda zai kai gare ta.

A nan ne amsarmu take da nauyi. Idan muka ruɗe, muka yi ta kiranta kowane minti, za mu cinye mata caji, mu kuma ƙara mata tsoro. Amma kawu mai hikima zai ce, "'Yata, kwantar da hankalinki. Nawa ya rage a hannunki? Wa yake zaune kusa da ke? Me direba ya ce?" Waɗannan tambayoyi suna mayar da shawara hannunta. Sai ta ƙirga kuɗinta ta kasa shi bisa ga kwanaki. Ta matsa kusa da wata dattijuwa a motar, su riƙa lura da kayan juna. Ta je wurin jami'an kiyaye haɗurra ta ji gaskiyar labarin hanya, gama matambayi ba ya ɓata. Ta kashe waya, ta tsai da lokacin da za ta riƙa kiran gida. Ta ƙi shiga kwale-kwalen da aka cika maƙil. A ƙarshe ita ce za ta yanke ko ta jira, ko ta koma Abaji ta kwana, ta kuma sanar da masu jiranta dalilin jinkirinta, domin sannu ba ta hana zuwa.

Yarinyar da ta yi waɗannan da kanta za ta komo gida da abin da gata bai taɓa ba ta ba, wato sanin cewa tana iya shawara. Ba lallai mu yi mata zolaya a kan kukan da ta yi ba, kada kuma mu ce daga yau ba za ta ƙara fita ba.

Aikinmu tun daga gida

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka:

1. Mu fara da ƙananan tafiye-tafiye. Yaro ya je tasha da kansa, ya yi cinikin kuɗin mota, ya kai saƙo gari na kusa ya dawo.
2. Ya rubuta lambobin waya uku a takarda, ya haddace ɗaya, ya kuma san 122, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra.
3. Ya raba kuɗinsa wuri biyu, ya riƙe tsaba, gama ba ko'ina ne tura kuɗi ta waya yake yiwuwa ba.
4. Ya guji tafiyar dare, yadda hukumar masu yi wa ƙasa hidima ta sha gargaɗin matasa.
5. Mu koya wa 'ya'ya mata daidai da maza, domin su ne muka fi tsarewa a gida.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane aiki muke yi wa ɗanmu wanda ya isa ya yi da kansa?
2. Tsarewar da muke yi masa, don amfaninsa ce, ko don kwanciyar hankalinmu?
3. Wace tafiya za mu bari ya yi shi kaɗai kafin ƙarshen wannan shekara?

Allah ya kiyaye hanya, ya komo mana da su lafiya.