Indararon Saman Ƙofa: Wane Ruwa Yake Tarewa?

A Rano da Kibiya shagunan kwantena sun yawaita a bakin titi, kuma da yawansu za ka ga mai walda ya liƙa wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a saman ƙofa. Irinsa ne ke zagaye da rufin bas ƙirar Hiace, da tsohuwar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da tirelolin kwana da matafiya ke ja da mota a Amurka. Za mu kira shi indararon saman ƙofa, domin aikinsa ɗaya da indararon soro: ya tara ruwan da ke gangarowa, ya kai shi inda ba zai yi ɓarna ba. Tambayar darasinmu ita ce, shin yana hana ruwa shiga ɗaki?

Mu fara da sanin yawan ruwan. Ana auna ruwan sama da milimita, kuma milimita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 daidai yake da lita 1. Ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 tana da tsawon kimanin mita 6 da faɗin mita 2.4, wato rufinta ya kusa murabba'in mita 15. Idan aka yi ruwa na milimita 30, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta a kudancin Kano, rufin zai karɓi fiye da lita 400, durom biyu da ɗoriya. Dole ruwan nan ya sauka ta wani gefe, kuma wani kasonsa ta saman ƙofa zai bi.

Me ya sa ba ya faɗowa kai tsaye idan ya zo bakin rufi? Ƙarfi uku ne ke aiki a kansa. Na farko jan ƙasa, wanda ke jawo kowane abu ƙasa. Na biyu riƙon juna: ƙwayoyin ruwa suna kama junansu, shi ya sa ruwa ke dunƙulewa ya zama ɗigo. Na uku mannewa, wato kamun da ruwa ke yi wa jikin wani abu, kamar ƙarfe ko siminti ko gilashi. Ka gwada da kanka. Cika kofi da ruwa, ka karkata shi a hankali ƙwarai. Ruwan ba zai zubo ta baki ba, zai lanƙwaso ya bi bayan kofin har gindi, sannan ya ɗiga. Mannewa ce ta rinjayi jan ƙasa na ɗan lokaci. Wanda ya lura da duwatsun Rano da Rurum ya ga baƙaƙen zane da ruwa ya bari a jikinsu, har a ƙarƙashin inda dutse ya turo, wurin da ruwan sama ba ya duka kai tsaye. Haka yake yi a saman ƙofa: ya gangaro ta bango, ya lanƙwasa ta ƙarƙashin firem, ya isa ratar da ke tsakanin firem da ƙyaure.

A wannan rata wani abu kuma yake jira, shi ne zuƙo. Idan rata ta yi ƙanƙanta, mannewa da riƙon juna sukan haɗu su ja ruwa ciki, ko da sama ne, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Tsakanin gilasai biyu masu tsabta da ke da ratar milimita 1, ruwa kan hau kusan santimita 1.5, idan aka rage ratar zuwa rabi, hawan ya ninka. Saboda haka ƙofar da ta matse ba lallai ta tsira daga yoyo ba, muddin ruwa yana kwanciya a bakinta.

Nan ne amfanin indararon ya fito. Yana tare ruwan kafin ya kai ratar, ya karkatar da shi gefe. Sannan leɓensa siriri ne kuma ya turo waje, don haka ruwa ba ya samun jikin da zai manne ya dawo; sai ya taru, ya yi nauyi, ya ɗiga nesa da ƙofa. Magini mai sanin aiki yana samun wannan sakamako da ɗan tsagi da yake ja a ƙarƙashin simintin da ya turo a saman taga: ruwa ya zo tsagin, ya kasa haurawa, ya faɗi. Abin takaici ne yadda ake yawan cike tsagin nan da filasta don a ga wuri ya yi sumul.

Sai dai akwai ruwa na biyu, feshi, wanda iska ke kawowa. Manyan ɗigon ruwa suna faɗowa da gudun kimanin mita 9 a daƙiƙa. Idan iska ma tana gudun mita 9 a daƙiƙa, ɗigon zai sauko a karkace: duk mitar da ya yi ƙasa, ya yi mita guda gefe. Ke nan ƙarfen da ya turo santimita 5 ba zai kare fiye da santimita 5 na saman ƙyaure ba, alhali ƙofa ta kai mita 2. Sauran duk a buɗe yake ga feshi. A ƙasar Hausa hadari daga gabas ya fi tasowa, da iska a gabansa, shi ya sa maginan gargajiya suka fi tsananta wa bangon gabas da yaɓen makuba. Ƙofar da ke kallon gabas tana buƙatar rumfa mai faɗi, da roba a gefen ƙyaure, da dokin ƙofa mai tudu. Mai sayar da taki ko siminti ko sukari kada ya dogara da siririn ƙarfe shi kaɗai.

Ko a aikin nasa ma, sai an kafa shi daidai. Ya zarce faɗin ƙofa da kamar tafin hannu ta kowane gefe, in ba haka ba zai zuba ruwan ne a kusurwar firem. A ɗan karkata shi domin ruwa ya gudu, kada ya kwanta ya kawo tsatsa. Wajibi ne a toshe tsakaninsa da bango gaba ɗaya. Walda ta ɗigo-ɗigo tana barin ƙananan rata, kuma mun ga abin da ƙaramar rata ke yi. A bi layin da silikon ko kwalta, a shafa fenti. Kafin damina a share ƙurar hunturu da ganyen da suka taru a ciki, sannan a hau da buta a zuba ruwa a rufin a hankali, wani ya tsaya ciki da ƙofa a rufe yana duban inda danshi zai fara fitowa.