Sauyin Yanayi: Ƙaddara Ce Kawai, Ko Akwai Hannunmu A Ciki?

  

'Yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan wani al'amari ne da ya game duniya, watau abin da ake kira sauyin yanayi ko ɗumamar duniya. Da yawa daga cikinmu idan aka ta da wannan magana sai su ce ai zafi da sanyi da ruwan sama duk na Allah ne, babu ruwan ɗan Adam a ciki. Farkon wannan magana gaskiya ne, babu Musulmin da zai yi musunsa. Amma ƙarshenta yana bukatar a duba shi da idon basira, gama in har kuskure ne, to, mun fake da ƙaddara ke nan muna tozarta amanar da aka ɗora mana.

Bari mu fara da wurin da kowane Musulmi yake fuskanta sau biyar a yini. A Hajjin shekarar 1445 ta Hijira, wanda ya faɗo a watan Yuni na 2024, zafi ya kai digiri 51.8 a ma'aunin Salshiyas a Masallacin Harami na Makka. Hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mahajjata 1,301, mafi yawansu waɗanda ba su da takardar izinin Hajji ne, suka yi doguwar tafiya a ƙafa cikin rana ba su da tanti ko motar da za su fake. Allah Ya jiƙansu da rahama. Makka dai ƙasar zafi ce tun asali. To amma wannan shekara ta 2024, bisa lissafin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, ta fi kowace shekara da ta gabace ta zafi tun da aka fara ajiye awo, har ta zarce matsakaicin zafin ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri ɗaya da rabi.

MENE NE SANADIN WANNAN ƊUMAMA?

Allah cikin hikimarsa Ya lulluɓe duniya da iska, kuma a cikin iskar nan Ya sanya wasu nau'o'i 'yan kaɗan waɗanda aikinsu shi ne riƙe wani sashe na zafin rana kada ya koma sama gaba ɗaya. Ba don su ba, da duniya ta daskare, babu tsiron da zai fito. Ɗaya daga cikin manyansu ita ce wadda masana ke kira kabon dayoksaid, watau iskar da ke fita duk sa'ad da aka ƙona itace ko gawayi ko mai. Misalinta kamar bargo ne: guda ɗaya yana maganin sanyi, amma idan aka yi ta jibga wa mai barci wani a kan wani, sai abin da ya kasance rahama ya koma azaba.

Tun daga ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Turawan Ingila suka fara gudanar da masana'antu da injunan da ke cin kwal, ɗan Adam yake ta tono abin da ke binne a ƙarƙashin ƙasa yana ƙonawa: da fari kwal, daga baya man fetur da iskar gas. A gefe guda kuma yana sare dazuzzukan da suke shan wannan iska. Kafin zamanin masana'antu, adadinta a sararin sama kashi 280 ne cikin miliyan. A 1958, da aka fara auna ta kullum a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawayi, an sami kimanin kashi 315. A 2024 ta haura kashi 420. Ban da ita akwai wata iska mai suna metan, wadda ke fitowa daga cikin shanu, da fadamun shinkafa, da juji, da rijiyoyin mai.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sabuwar magana ce da 'yan siyasa suka ƙirƙiro jiya. Tun a 1896 wani masani ɗan ƙasar Siwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafi ya nuna cewa idan wannan iska ta ƙaru a sama zafin duniya zai ƙaru. Abin da ya lissafta da alƙalami shi ne ake aunawa yau da na'ura.

ABIN DA YAKE HAIFARWA

Wani zai ce, digiri ɗaya da rabi har wani abu ne? Sai ya tuna da jikinsa. Idan zafin jikin mutum ya tashi daga 37 zuwa 38 da rabi, ai ya kwanta ke nan, ana neman masa magani. Haka duniya take. Ƙanƙarar da ke kan manyan duwatsu da ƙuryoyin duniya biyu tana narkewa, ruwan teku kuma yana kumbura saboda ɗumi, har ya tashi da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Ƙasashe irin su Bangaladash da tsibiran Maldib, da garuruwan gaɓar teku irin su Legas da Iskandariyya ta Masar, su ne a bakin wannan haɗari.

Akwai kuma abin da ke rikita mutane, watau yadda ake kukan fari a kuma yi kukan ambaliya duk a ƙasa ɗaya. Bayaninsa shi ne, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin ɗari. Saboda haka takan tsotse laimar gona da sauri, sa'an nan idan ta tashi zubarwa sai ta zubar da mai yawa cikin ɗan lokaci. A 2022 ambaliya ta shafi mutane miliyan 33 a Fakistan, fiye da 1,700 suka rasu. A wannan shekarar dai a Nijeriya ruwa ya ci fiye da mutane 600, ya raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta mamaye babban sashe na Maiduguri.

Gaskiya ita ce ba kowace masifa za a jingina wa sauyin yanayi shi kaɗai ba. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, kuma tun kafin su an yi yunwa a ƙasar nan. Haka nan rashin gyaran madatsu, da gini a kan hanyar ruwa, da cushe kwatoci da shara, duk suna da nasu kaso. Abin da ɗumama take yi shi ne ta ƙara wa zafi zafi, ta ƙara wa ruwa ƙarfi, ta sa abin da a da yakan zo sau ɗaya a rayuwar mutum ya riƙa zuwa a kai a kai.

Wani abin lura kuma shi ne waɗanda suka fi shan wahalar ba su ne suka fi hura wutar ba. Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan iska ta kabon da ake samu daga ƙona mai da kwal. Ƙasar Sin ce kan gaba a abin da ake fitarwa kowace shekara, Amurka kuwa ita ce kan gaba idan aka tara lissafi tun daga farko. A fikihu sananne ne cewa cuta wajibi ne a kawar da ita, wanda kuma ya lalata dukiyar wani shi ke da lamuninta. Saboda haka ƙasashe matalauta da ke neman diyya haƙƙinsu suke nema.

TSAKANIN ƘADDARA DA SABABI

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu. Malaman Sunna sun karantar da mu cewa komai da hukuncin Allah yake faruwa, amma Allah Ya rataya abubuwa ga sabubbansu, kuma Zai tambayi bawa a kan abin da ya aikata da zaɓinsa. Wanda ya cinna wa gonar maƙwabcinsa wuta, ƙonewar da ƙaddara ta auku, amma alƙali ba zai sallame shi don wannan ba.

A tarihin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, akwai darussa biyu. Na farko, ya kama hanyar Sham, da ya isa wani wuri mai suna Sargu sai labari ya riske shi cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke hukuncin komawa Madina. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko wannan ba gudun ƙaddara ba ne, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai nufa.

Na biyu shi ne farin da ya auka wa Hijaz wajen shekara ta 18 ta Hijira, wanda ake kira Shekarar Toka. Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Manzon Allah ya yi addu'a. Amma malaman tarihi sun ruwaito cewa ya kuma rubuta wa gwamnonin larduna su aiko da abinci, ya sa aka girke tukwane ana ciyar da ƙauyawan da suka kwararo Madina, ya jinkirta karɓar zakkar dabbobi a wannan shekara, shi kansa kuma ya haramta wa bakinsa man shanu har sai talakawa sun samu. Ya haɗa addu'a da aiki, bai ga wani saɓani a tsakaninsu ba. Haka Annabi Yusufu, alaihis salam, da ya san shekarun yunwa bakwai suna tafe, rumbuna ya sa aka cika tun ana cikin yalwa.

ME DUNIYA TA YI?

An kafa kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan sauyin yanayi a 1988, aka ƙulla yarjejeniya ta farko a Riyo ta ƙasar Birazil a 1992, aka yi ta Kiyoto a 1997. A 2015 a birnin Faris ƙasashe kusan 200 suka amince za su tsayar da ƙarin zafin ƙasa da digiri 2, su kuma yi ƙoƙarin kada ya wuce ɗaya da rabi. A 2022 a Sharm el-Shaikh ta Masar aka yarda a kafa asusun biyan asarar da ƙasashe masu rauni suke yi. Sai dai alkawari ya fi cikawa yawa. Amurka ta fice daga yarjejeniyar Faris a 2020, ta dawo a 2021, sa'an nan a Janairun 2025 shugabanta ya sake ba da umarnin ficewa.

Malaman Musulunci ma sun yi magana. A watan Agusta na 2015 malamai da masana daga ƙasashe daban-daban sun taru a Istambul suka fitar da sanarwa suna kiran ƙasashe masu arziki da masu man fetur su rage hayaƙin da suke fitarwa. A 2016 Majalisar Malamai ta Indunusiya ta ba da fatawar haramta ƙona daji don share gona, a wannan shekarar kuma Maroko ta fara sanya wa masallatanta farantan lantarki mai aiki da hasken rana, har da tsohon masallacin Kutubiyya na Marrakesh.

Misali mafi kusa da mu kuwa yana jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar. Bayan farin 1984 manoma suka daina tumɓuke kututture da tohon itatuwa a gonakinsu, sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe sauran su bar su su girma. Da wannan dabara mai araha aka farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Da yawansu gawo ne, itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya zama taki ga gero, ya kuma yi wa dabbobi inuwa da abinci da rani.

ABIN DA YA HAU KANMU

Ba mu da ikon rufe masana'antun Sin ko na Amurka, amma kowa za a tambaye shi gwargwadon abin da ke hannunsa. Limamai su shigar da wannan magana cikin huɗuba, su tunatar da cewa dasa itacen da mutum ko tsuntsu ko dabba za su amfana da shi sadaka ce, kuma almubazzaranci da ruwa abin ƙi ne ko da a wajen alwala. Sarakuna da hakimai su tuna cewa keɓe makiyaya da daji don amfanin jama'a, abin da ake kira hima, tun zamanin Manzon Allah aka san shi, sai su tsare burtali da gandun daji daga masu cinye su. Attajiran da ke neman sadaka mai gudana su dubi rijiya mai aiki da hasken rana, da gandun renon itatuwa, da murhu mai rage cin itace wanda zai sauƙaƙa wa matanmu hayaƙi. Hukuma ta gyara madatsu kafin damina, ta hana gini a kan hanyar ruwa, ta kawo ƙarshen ƙona iskar gas a banza a rijiyoyin mai na yankin Neja Delta. Manomi ya bar ƙona daji, ya bar toho a gonarsa. Maniyyaci kuma ya bi hanyar da hukuma ta tsara, ya riƙe lema da gorar ruwa, gama kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a.

Idan ruwa ya ɗauke mu fita roƙon ruwa da ƙanƙan da kai, wannan sunna ce. Amma mu fita da tuba ta gaskiya, ita kuwa tuba sharaɗinta na farko barin laifin da ake yi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu daga fari da ambaliya, Ya sa mu cika da imani. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.