Mutum-mutumi Mai Tsintar Bola

Wanda duk ya ratsa kasuwar Sabon Gari ta Zariya da damina ya san ɓarnar shara. Leda ta toshe lambatu, ruwa ya kwanta, sauro ya sami gida. A Samaru kuwa, ruwan sama yakan kwashi shara ya zuba a Kogin Kubanni, alhali daga madatsarsa Jami'ar Ahmadu Bello ke samun ruwan sha.

'Yan jari-bola su ke tona juji da hannu, suna tsame ƙarfe da gwangwani da roba su sayar. Aiki ne mai amfani ƙwarai, amma fasasshiyar kwalba takan yanke su.

A ƙasar Finlan, can Turai, kamfanin ZenRobotics da aka kafa a 2007 ya ƙera mutum-mutumi domin irin wannan aiki. Ba siffar mutum gare shi ba, hannu ne kurum na ƙarfe. Shara tana tafe bisa bel, kyamara ta duba, kwamfuta ta shaida wannan katako ne, wancan ƙarfe, sai hannun ya cafke, ya jefa kowanne cikin mazubinsa. Kwalba ba ta yankansa. Amma fa sai da lantarki, kuma ba ya shiga lambatu, sai an kwaso an kai masa.