Darasi Na 12: Kula Da Lafiyar Mota

Jama'a, kowa ya san amfanin mota. Ita ke kai gyaɗa da hatsi kasuwa. Ita ke kai majinyaci asibiti da tsakar dare. In ta mutu a dokar daji, kowa da ke cikinta zai sha wuya. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke damunta.

Mai doki ba ya hawa sai ya ba shi ruwa da harawa. Haka mota take. Kowace safiya, kafin a ta da inji, a duba abu 4: ruwa, baƙin mai, batir, da taya.

Ruwa

Inji yana zafi in yana aiki. Ruwan lagireto ne ke sanyaya shi. In allurar zafi ta hau ja, tsaya, ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto nan da nan, tururi zai ƙone maka fuska. Kada kuma ka zuba ruwan sanyi a inji mai zafi, kan inji yana iya tsagewa. Jira ya huce tukuna. Sa'an nan ka duba ko fanbel ya tsinke, ko tiyo yana yoyo.

Baƙin mai

Baƙin mai shi ne jinin inji. Tsai da mota a wuri mai daidai. Zaro ƙarfen awon mai, ka goge shi da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Akwai zane 2 a jikinsa. Mai ya tsaya tsakaninsu. In ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya shiga. In jar fitilar mai ta kama kana tafiya, tsaya nan take. Inji ba mai, cikin ɗan lokaci zai ƙone.

Batir

In ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas kawai, duba kan batir. Watakila ya kwance, ko farin gari ya taru a kai. Kankare shi, ka ɗaure sosai.

Hayaƙi

Hayaƙin salansa yana ba da labari. Baƙi, mai ya yi wa inji yawa, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Shuɗi, inji yana shan baƙin mai. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa, ruwa na shiga inji.

Giya da kuloci

In ka taka totur, inji ya yi ta ruri amma mota ba ta ja, kuloci ya cinye. Abin da ke cinye shi da wuri shi ne lodi fiye da kima, da barin ƙafa a kansa ana tafiya. In giya ta ƙi shiga, kada ka yi mata ƙarfi. Wannan aikin makaniki ne, kai masa tun ɓarna ba ta yi yawa ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wane abu 4 ake dubawa da safe?
2. Don me ba a buɗe lagireto da zafi?
3. Me shuɗin hayaƙi ke nunawa?

Rubuta waɗannan kalmomi a allonka: inji, batir, giya, kuloci, hayaƙi.