Kuɗin Goron da Muke Yi wa Makiyaya: Abin da Nake Gani a Aikin Dabbobi



Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne. Aikina yi wa shanu da awaki da tumaki allurar rigakafi, zagaya ƙauyuka da rugage, da duba nama a mayanka kafin a kai shi kasuwa. Wannan aiki yana shigar da ni gidan manomi da safe, ya kai ni rugar makiyayi da yamma, don haka ina jin abin da kowane ɓangare yake faɗa a kan ɗan'uwansa. Abin da nake ji da abin da nake gani su suka sa na ga ya wajaba in yi wannan rubutu.

Duk lokacin da aka ambaci wariya, hankalinmu Amurka yake tafiya, ko Afirka ta Kudu a zamanin mulkin tsirarun Turawa. Mun kalli bidiyon kisan George Floyd a 2020, muka yi Allah wadai, muka ce mu nan duk baƙaƙe ne, wannan ciwo bai shafe mu ba. To amma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariya, wadda Najeriya ta shiga a 1967, ba ta tsaya ga launin fata ba, ta haɗa da ƙabila da asali da zuriyar da mutum ya fito. Haka nan sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda ƙabilarsa ko garinsu ko addininsa. Idan aka auna mu da wannan mudu, wallahi muna da abin dubawa a cikin gida. Wariyar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya a yau ita ce ɗora wa kowane Bafulatanin daji laifin ɓarayin daji.

Kafin wani ya ce ban san zafin abin ba, na sani. Ba mu manta da kisan Kadisau a Faskari a watan Yunin 2020 ba. Ba mu manta da ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamban 2020 ba. Ranar 19 ga Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta suna sallar Asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi, aka kashe fiye da mutum 30. Akwai manoman da suka bar gonakin masara da waken suya suka koma zaman haya a Funtua, akwai waɗanda suka sayar da shanun huɗa suka biya kuɗin fansa. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akasarin manyan 'yan bindigar da ake kiran sunayensu Fulani ne. Duk wanda ya musanta wannan bai faɗi gaskiya ba. Amma daga "akasarin ɓarayin Fulani ne" zuwa "duk Bafulatani ɓarawo ne" akwai tazara mai nisa, kuma a cikin wannan tazarar ake zubar da jinin bayin Allah da ba su ji ba su gani ba.

Akwai wani dattijo da na daɗe ina yi wa garkensa rigakafi. Wata rana bayan Magariba ya yi sallama a ƙofar gidana, da ƙyar na gane shi. Ya ajiye rawaninsa da malafarsa da sandarsa a gida, ya sa hula zanna da doguwar riga irin ta mutanen gari, ya biyo ta bayan gari don kada ya bi ta shingen 'yan sa-kai. Na shimfiɗa masa tabarma na ce, "Baffa, lafiya da daren nan?" Ya ce, "Likita, shanu suna tari, uku sun faɗi. Na kasa shigowa da rana." Wannan mutum ɓarayi sun kore masa fiye da rabin garke, sun taɓa ɗauke ɗansa sai da ya biya fansa. A daji ana ce masa ɗan leƙen asirin gari, a gari ana ce masa ɗan'uwan ɓarayi. Ya rasa tudun dafawa.

Washegari da na isa rugar, na tarar da abin da nake tsoro. Saniya tana tsaye ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana numfashi da nishi, in ka matsa mata haƙarƙari sai ta zabura. Ciwon huhu ne. Mu da muke duba nama mun san kamanninsa: in an fede saniyar sai ka ga huhun ya yi tauri ya manne da haƙarƙari, ƙirjin cike da ruwa rawaya. Wannan cuta ta numfashi take yaɗuwa, a mashaya, a kara, a cikin motar ɗaukar dabbobi. Saniyar da ta warke ma tana iya riƙe ƙwayar cutar a huhunta tsawon watanni tana rabawa. Maganinta na gaskiya shi ne rigakafi duk shekara, da allurar da ake sarrafawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kuma sai an yi wa mafi yawan shanun yanki kafin ta yi amfani.

To ku duba inda wariya take kai mu. Makiyayin da ke tsoron shigowa gari ba zai kawo shanunsa wurin rigakafi ba, ba zai kawo rahoton ɓullar cuta ba. Sai ya aika yaro ya sayo allura a kasuwa, ya yi ta ɗirka wa dabbar ba awo ba ƙa'ida. In ta ƙi tashi, ya sayar wa dillali da araha a bayan gari, naman ya iso tukunyarmu da ragowar magani a jikinsa. Sannan bijiman huɗar manomin da ya ce kada Bafulatani ya sake taka garinsu, a rafi ɗaya suke shan ruwa da waɗannan shanu. Cutar bushiya da ta yi wa shanun Arewa kisan kiyashi a farkon shekarun 1980, ba a ga bayanta ba sai da ma'aikata suka bi ruga-ruga da yardar arɗaɗe, har aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. Da yarda aka ci wancan yaƙi. Yardar ce muke rushewa yanzu da hannunmu.

Ba a shanu abin ya tsaya ba. Ku dubi rumfar masu nono a kasuwanninmu. Matan da a da suke jerawa da ƙorai fes, an rufe da faifai, ludayi a gefe, yau sun ragu ƙwarai. Na taɓa tsayawa ina shan fura, wasu samari suka zo suka tsaya a kan wata dattijuwa suna cewa, "Goggo, ina mazajenku suka kai mutanenmu?" Ba ta ce uffan ba. Ta rufe ƙwaryarta, ta ɗora gammo, ta tashi ba ta sayar da rabi ba. Matar da aka yi wa haka a kasuwa, kuna ganin za ta kawo jaririnta asibiti rigakafin ƙyanda? Za ta zo awon ciki? Yaron da ya tashi yana ganin uwarsa tana dawowa da hawaye, me zai ɗauka game da mutanen gari?

A nan ne wariya take komawa matsalar tsaro. Duk wanda ya bibiyi yadda wannan fitina ta girma a Zamfara da Katsina ya san cewa satar shanu ta fara cin makiyaya kafin ta iso ga manoma. Ya san burtalai da mashayu da wuraren kiwon da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanada, an nome da yawansu. Ya kuma san cewa kamun Fulani a kasuwa a kashe ba shari'a, da ƙona rugage bayan kowane hari, sun tura samari da yawa cikin daji. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya ɗauki bindiga, domin wanda ya kashe rai shi ke da alhakinsa. Amma ɓarawon daji ba shi da hujjar jan yara da ta fi ya ce musu, "Ko kun yi ko ba ku yi ba, kashe ku za a yi." Duk kuɗin goron da muka yi, mun ƙara masa mayaƙa ne. Kuma mutumin da ya fi kowa sanin hanyoyin daji da motsin ɓarayi shi ne makiyayin kirki. Ranar da muka kore shi, mun toshe kunnenmu da kanmu. A lokaci guda, masu kai wa ɓarayin fetur da burodi da ƙwayoyi da labarin wanda ya sayar da hatsi, sau da yawa 'yan gari ne da muke sahu ɗaya da su a masallaci.

Ɗan bindigar da ya afka wa ƙauye ya harbi duk wanda ya gani don wai Hausawa sun taɓa nasa, shi ma wannan mugun lissafin yake yi. Kuma mun ɗanɗani ɗacinsa a wajen gida. A ƙarshen Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan banga suka tare mafarauta 'yan jihar Kano da ke dawowa daga Fatakwal don yin Sallah a gida. Aka ga bindigogin farauta, aka ji harshensu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Duk Arewa ta yi kuka, har gwamnan Edo ya taka zuwa Kano ta'aziyya. Mutanen da suka yi wannan aika-aika su ma sun sha wuyar masu garkuwa, su ma cewa suka yi duk kanwar ja ce. Idan abin da aka yi a Uromi zalunci ne, to wanda ake yi wa makiyayi a bakin kasuwarmu ma zalunci ne.

Ga abin da nake roƙo, gwargwadon abin da aikina ya nuna mini.

Masu unguwanni da dagatai, ku zauna da arɗaɗen yankinku a kai a kai, ku san rugagen da ke ƙasarku da masu su. Baƙon da ya sauka, arɗo ya kawo shi a san da zamansa. Wannan ya fi zargi amfani.

'Yan sa-kai da dakarun tsaron al'umma da gwamnatin jihar Katsina ta ƙaddamar a 2023, mun san kuna sayar da ranku dominmu. Wanda kuka kama bisa hujja ku miƙa shi ga hukuma. Kamanni da harshe da sutura ba hujja ba ne.

Shugabannin kasuwa da sarakunan pawa da dillalai, ku tabbatar mai nono da mai dabba sun shigo sun fita lafiya. Ku riƙa neman shaidar inda dabba ta fito ga kowa, Bahaushe ko Bafulatani, don a toshe kasuwar shanun sata ba tare da an ci zarafin mai halal ba.

'Yan'uwana makiyaya, ku ma akwai naku. Kada ku ɓoye mugu don jininku ne, domin shi ne ya fara jawo muku wannan baƙin jini. Ku fito da shanu lokacin rigakafi, ku sa yara makaranta, ku kawo rahoton cuta da wuri.

Malamai da iyaye da masu rubutu a Facebook da WhatsApp, ku kira mai laifi da sunansa da laifinsa, ku bar ƙabilarsa. In yaro ya yi wa mai nono ihu a gabanka, ka tsawata masa nan take.

Noma da kiwo a ƙasar nan tare suka tashi. Manomi yana ba da kara da harawa, makiyayi yana barin taki a gona, an yi auratayya, an haɗa zuriya, har da yawanmu ba za su iya cewa ga inda Hausa ta ƙare Fulatanci ya fara a gidansu ba. Muna neman gwamnati ta kama ɓarawo ta hukunta shi ko wane ne, mu kuma namu aikin shi ne kada mu hukunta wanda bai yi ba. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu da rugagenmu.