Maganin Ƙarin Gindin Ƙoƙon Kai Ba Tare da Fiɗa Ba

Gabatarwa

Ta gindin ƙoƙon kai ne jijiyoyin gani da na ji da na motsin fuska suke ratsawa a cunkushe. Ƙari yakan tsiro a nan, kuma ko da ba sankara ba ne, idan ya girma sai ya danne su. Wanda ya fito a jijiyar kunne yakan soma da raunin ji a kunne ɗaya. Fiɗa a wannan matsatsi tana iya barin mutum da kurumta ko karkacewar fuska.

Yadda Ake Aikin

A shekarar 1951 Lars Leksell, likitan fiɗar ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwidin, ya fito da dabarar kai wa ƙari farmaki ba tare da an buɗe kai ba. A 1968 na'urarsa, Gamma Knife, ta soma aiki a Stockholm. Nau'inta na yanzu yana harba zaren haske 192 daga sinadarin kobalt. Kowane zare ba shi da ƙarfin yin illa, amma inda suka haɗu, wato kan ƙarin, sukan lalata ƙwayoyinsa.

Iyakarsa

Hasken ba ya cire ƙari. Tsayar da girmansa yake yi, wani lokaci ya motse bayan watanni ko shekaru. Ya fi dacewa da ƙarin da bai wuce santimita 3 ba. Wajibi ne majinyaci ya riƙa komawa ɗaukar hoto.

Auna Fahimta

1. Me ya sa ƙarin da ba sankara ba yake da haɗari?
2. Bambance wannan aiki da fiɗa.