Alhaji Alhasan Ɗantata

An haifi Alhasan a Bebeji, wani garin fatake da ke kudu maso yamma da birnin Kano, cikin shekarar 1877. Ubansa Abdullahi madugu ne daga cikin Agalawa, waɗanda ke kai baƙaƙen tufafi Gwanja su komo da goro. Alhasan na ɗan shekara takwas uban ya rasu. Aka raba gado, gida ya watse. Uwarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tashi ta koma Ankara, babban birnin ƙasar Gana ta yau. Ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, ana ce da ita Tata.

Tata ba ta haife shi ba, amma ita ta ci da shi, ta tufasar da shi, ta tura shi makarantar allo. Don haka mutane suka riƙa kiransa Ɗan Tata. Sunan ya bi shi har kabari, ya kuma bi 'ya'yansa da jikokinsa. Da wuya a sami wata tsohuwa da ake ambaton sunanta kullum a bankuna da kasuwanni kamar wannan baiwar Allah.

Ɗan gadon da ya samu bai daɗe ba ya ƙare. Sai ya zama yana karatu yana neman abin kansa, in ya sami kuɗi kaɗan ya ci rabi ya ajiye rabi. Da aka yi Basasar Kano, daga 1893 zuwa 1895, yaƙi ya ci Bebeji, aka kama shi, daga baya ya sami kansa. Ya shiga fataucin goro kamar ubansa. Amma maimakon ya bi ayari wata da watanni ta ƙasa, sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka zo suna neman gyaɗa ido rufe. To, amma ba su san ƙauyuka ba, manoma kuwa ba su san su ba. Alhasan ya dawo Kano ya gina gida a Koki, a 1918 ya fara sayen gyaɗa yana ba kamfanin Neja. Ga yadda yake yi. In kaka ta gabato sai ya tara yaransa, ya ba kowa jari gwargwadon ƙarfinsa. Su bazu cikin ƙasa da sikeli da buhuna, su sayi gyaɗa, su ɗoro wa jakuna da raƙuma. In sun komo a zauna a yi lissafi. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa jari baɗi, har wata rana ya tsaya da ƙafarsa, shi ma ya sami yaran kansa. Ta haka mutane da yawa da suka shigo zaurensa hannu sake suka zama masu gida.

Gyaɗa ta yi yawa har jirgi ya kasa kwashewa, aka riƙa jibge buhuna ana yin dala, dala guda takan ci buhu kamar 15,000. A 1930 hanyar jirgi ta kai Nguru, ta ratsa ƙasar Haɗeja, wadda a lokacin tana cikin Lardin Kano. Gyaɗar da manoman Haɗeja suka kai tashar Malam Madori, ita ma ta Kano take bi kafin ta isa bakin teku. Yanzu babu dalar gyaɗa ko ɗaya, sai a hoto.

A 1929, da aka buɗe bankin Turawa a Kano, Alhasan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Wannan labari shi aka fi bayarwa, amma ba shi kaɗai ne abin tunawa ba. Bayan ya sauke farali a farkon shekarun 1920, ya biya wa waɗansu mutane su ma suka je Makka. Yakan ci da matalauta da malamai, ba wanda ya sa shi. 'Ya'yansa kuwa bai bar su su zauna su ci arziki a banza ba. Ya sa su karatun Alƙur'ani da na boko, har ya kafa musu makaranta ta kansa, sa'an nan ya jefa su cikin ciniki tun suna samari.

Cikin 1955 ciwo ya kama shi, ya gane tafiya ta zo. Mutumin da ya ga yadda gidan ubansa ya watse, abin da ya fi damunsa shi ne kada nasa ya bi sawu. Ya yi wa 'ya'yansa wasiyya su zauna tare, kada su bar kamfanin da ya kafa ya rushe, kada su yi husuma da sauran attajiran gari, su kuma kula da dangi, musamman marasa ƙarfi. Ya rasu ran Laraba, 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Gidan bai watse ba. Ahmadu ya riƙe kamfani har ya rasu a 1960, ƙanensa Aminu ya karɓa. Sanusi ya shahara a ciniki da kyauta, shi ne kuma ya haifi Mariya, uwar Aliko Ɗangote. Aminu ya yi tsawon rai, ya rasu cikin watan Yuni na 2025 yana da shekara 94, aka kai shi Madina aka binne.